Kada Mu Zaunar da Dattawanmu da Sunan Girmamawa

A garuruwanmu na Kebbi, da zarar mutum ya ajiye aikin gwamnati, ko kuma furfura ta cika masa gemu, maganar da zai fi ji daga bakin 'ya'yansa da maƙwabtansa ita ce, "Baba, ai ka yi naka, yanzu sai hutu." Da zuciya ɗaya ake faɗin ta, domin tarbiyyarmu ba ta yarda babba ya wahala alhali na ƙasa da shi suna tsaye ba. Amma na daɗe ina lura da abin da wannan hutu yake komawa bayan shekara ɗaya ko biyu, a nan Birnin Kebbi da kuma garuruwan da nake da dangi, har na tsaya a kan ra'ayin da nake so in bayyana yau. Yawancin dattawanmu masu sauran ƙarfi suna jiran wanda zai zo ya roƙe su wani aiki sananne da ya dace da shekarunsu, kuma irin wannan aiki yana nan jibge a makarantunmu da ƙananan asibitocinmu da bakin gonakinmu babu mai yi. Hidimar al'umma nake nufi, wadda mutum zai sa kansa don Allah ba don albashi ba, kuma ba ta shafi sintiri ko riƙe makami ba.

Dokar aikin gwamnati a Nijeriya ta ce ma'aikaci zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 22, kamar yadda da yawa daga cikin waɗanda suka fito kwalejojin horon malamai suka yi, zai bar ofis yana da 57, idonsa garau, ƙafarsa na kai shi duk inda yake so, kansa cike da sanin aiki. A 2022 ma sai da dokar tarayya ta ɗaga shekarun ritayar malaman makaranta zuwa 65, ko shekara 40 na aiki, abin da ya nuna ita kanta gwamnati ta gane cewa ɗan shekara sittin bai ƙare ba. To amma wanda ya riga ya dawo gida, ga yadda yininsa yake tafiya: masallaci, dakalin ƙofar gida, rediyo, majalisar la'asar, sai ɗaurin aure ko jana'iza idan sun taso. Ba ya rasa masu gaishe shi, kuma idan 'ya'ya suna da hali ba ya rasa abinci, amma ya rasa wanda zai zo ya tambaye shi yadda ake yin wani abu. Na ga mutanen da suka riƙe makarantu da sassan asibiti shekara da shekaru suna dusashewa a haka, magana tana raguwa, tafiya tana nauyi, hawan jini yana shigowa.

A watan Nuwamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan kaɗaici, saboda an gano yana da alaƙa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da rikicewar tunani irin na tsufa. Wani zai ce ai wannan matsalar Turawa ce, mu muna da zumunci. Muna da shi, amma ya fara sirancewa. 'Ya'ya sun tafi Abuja da Kaduna da Legas neman abinci, babban gidan gandu ya rarrabu, sababbin unguwanni kuwa kowa ya ja doguwar katanga ya sa ƙofar ƙarfe, har tsohuwa takan yini a ɗaki babu wanda ya yi mata sallama sai wayar hannu.

Sa dattawa hidimar jama'a ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, kuma ba sai mun aro shi daga ko'ina ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta lura cewa matan aure na karkara ba za su iya barin gidajensu da 'ya'yansu su taho neman ilimi ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da mutunci daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar izini. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata ƙanana su yi tattaki zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin koyarwa da Hausa da Fulatanci, su koma su shiga gida gida suna koyar da tsarki da salla da zamantakewa. Waɗannan mata, da ake kira 'yan taru, su ne kuma masu duba marasa lafiya, da yi wa mata wanka idan sun rasu, da sasanta waɗanda suka sami saɓani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tsari shi ne dalilin zaɓen. Tsufa ne ya ba jaji damar yin tafiya ba tare da zargi ba, shi ya buɗe mata kowace ƙofa, shi ya sa aka saurare ta. Abin da mu yau muke ɗauka dalilin zaunar da mutum, shi Nana Asma'u ta ɗauka cancantar aiki. Ƙungiyoyin da suka zo daga baya, kamar 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Nijeriya, da aka kafa a Minna a 1985, da Zumuntar Mata a majami'un ƙasar Zuru da Yawuri, duk suna da dattawa a cikinsu, sai dai sau da yawa a kujerar iyayen ƙungiya ake ajiye su, a kira su ranar taro su yi addu'ar buɗewa.

Wurin da na fi ganin buƙata shi ne makarantar firamare. Duk wanda ya shiga aji huɗu ko biyar a makarantun gwamnati na ƙauyukanmu, ya ba yara takarda da Hausa ya ce su karanta, ya san abin da zai tarar: da yawa suna iya kwafe abin da aka rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, amma ba sa iya haɗa baƙi da wasali su fitar da kalma. Malami ɗaya a gaban aji mai cunkoso ba shi da lokacin zama da yaro guda har ya gane. Wani kawuna, tsohon hedimasta ne a wani gari da ke kan hanyar Jega, ya fara tara yaran layinsu a zaurensa bayan sallar la'asar, da ƙaramin allo da alli. Bai taɓa manhajar makaranta ba, abin da ya tsaya a kai kawai shi ne ba, bi, bu, da ka, ki, ku, har yaro ya iya karanta sunansa da sunan garinsu. Ya gaya mini cewa yaran da suka wuce babbaƙu da farfaru a makarantar allo sun fi saurin kamawa, domin sun riga sun san cewa alama a rubuce tana ɗauke da sauti, abin da ya rage shi ne a nuna musu sababbin alamomin. Irin wannan lura ba ta zuwa sai ga wanda ya daɗe da alli a hannu. Kafin damina ta zagayo, iyaye mata daga wasu unguwanni sun fara turo nasu, har ya nemi wani abokinsa da suka yi ritaya tare ya karɓi rabin yaran.

Akwai kuma kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, da aka tsara kowace firamare ta gwamnati ta kasance da shi, da wakilan masarauta da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai. A wurare da yawa sunaye ne kawai a takarda. Inda yake aiki kuwa, za ka tarar akwai wani dattijo da ya ɗauki abin da gaske. Tsohon akawu zai iya duba yadda aka kashe kuɗin gyaran aji ya karanta wa jama'a lissafin a fili. Tsohon sufeto na makarantu ya san yadda ake yi wa malamin da ba ya zuwa aiki magana ba tare da an tozarta shi ba, ya kuma san ofishin da ake kai ƙorafi idan magana ta ƙi ci. Idan aka cire yarinya daga aji aka ɗora mata farantin talla, matashin malami ba zai iya tunkarar mahaifinta ba, amma sa'an kakanta zai zauna da shi a zaure ya ce, "Malam, yarinyar nan tana da kai, ka bar ta ta gama," kuma maganar ta yi nauyi. Karatun manya ma yana neman masu koyarwa. Iyayenmu sun ga yaƙi da jahilci na shekarun 1950, yau kuma dalilin ya ƙaru, domin mai sayar da shinkafa ko albasa da ba ya iya karanta saƙon banki a wayarsa yana cikin haɗarin a nuna masa saƙon ƙarya a tafi da kayansa. Magidanci yakan ji nauyin zama gaban yaro ƙarami ya koyi baƙaƙe, amma ba ya jin kunyar sa'ansa.

A fannin lafiya, iyayenmu mata ne suka fi kowa dama. Binciken ƙasa a kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne, kuma babu jihar da ta kai mu. Ruwan fadamun da ke ba mu shinkafa shi ne kuma ke raya sauro. Shi ya sa kowace damina ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya sau ɗaya a wata. Masu rabon maganin suna ba yaro na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. A nan ne abin yake lalacewa, domin uwa mai aikin gida da goyo takan manta, ko ta ga yaro lafiya lau ta ajiye sauran don wata rana, ko ta raba wa yayyensa. Dattijuwa guda a kowane layi, wadda za ta leƙa gidaje da safe a waɗannan kwanaki biyu ta ce, "'Yar nan, kin ba shi na yau kuwa?" za ta yi aikin da babu ma'aikacin da zai iya yi, domin ita ba a rubuta mata "ba a shiga" a ƙofa, kuma ba a yi mata gardamar da ake yi wa baƙo.

Haka batun allurar rigakafin zazzaɓin, wadda aka fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024 kafin sauran jihohi. Sau huɗu ake yin ta, a wata na 5 da na 6 da na 7, sai ta ƙarshe a wata na 15. Tsakanin ta uku da ta huɗu akwai wata takwas, kuma a cikin wannan tazara ne katin asibiti yake ɓata, uwa ta sake samun ciki, magana ta shiririce. Kakar da ta san ranar sunan kowane yaro a unguwa ita ce ta fi dacewa ta riƙe wannan lissafi. Mun kuma ga darasi a yaƙi da shan inna: tirjiyar da aka yi wa ɗigon rigakafi ba ta sassauta ba sai da sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai suka sa baki, har aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Mutane suna karɓar abu ne daga bakin wanda suka sani tun suna yara.

Jihar Kebbi tana da mazaɓu 225 a ƙananan hukumomi 21, kuma a tsarin lafiya matakin farko kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan ƙaramin asibitinta. Tsohuwar nas ko tsohon malamin tsafta da ya shiga irin wannan kwamiti zai gane da kallo ɗaya ko firjin ajiye allurai yana aiki, ko ana kwana a ɗakin haihuwa. Wadda ba ta yi boko ba ma za a iya koya mata cikin yini guda yadda ake auna damtsen yaro da tef mai launi uku, ta san cewa idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa suka kumbura, tamowa ce mai tsanani kuma asibiti za a nufa a ranar. Za ta iya tara matan aure ta nuna musu yadda ake haɗa garin kunu da gero da waken suya da gyaɗa. Ungozoma kuwa, alherin da ya fi girma da za ta yi yau shi ne ta raka mai ciki awo, ta kuma tsaya kai da fata a fita da ita idan ta ga jini ko jijjiga ko naƙuda ta wuce ƙima, domin ita ce maigida da uwar miji za su ji wa magana. Duk wanda ya san dalilin da ya sa aka buɗe cibiyar masu yoyon fitsari a unguwar Gesse da ke Birnin Kebbi ya san abin da jinkirin dare ɗaya yake jawowa. Sai dai a nan akwai iyaka da ya wajaba a kiyaye: mai wannan hidima aikinsa tunatarwa da rakiya da kai rahoto, ba rubuta magani ko yin allura a ɗaki ba, ko da kuwa ya taɓa aikin asibiti.

Sulhu kuwa gadon dattawa ne tun asali, kuma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 114, ya jera gyara tsakanin mutane tare da sadaka da umarni da kyakkyawa. Mu Kabawa muna da shaida a gida. Bikin kamun kifi na Argungu da duniya ta sani, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun gado a 2016, ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Rigingimun yau ƙanana ne a farkonsu. Da kaka, lokacin da shanu ke gangarowa fadama amfanin gona bai gama tashi ba, ɓarnar da za a iya kimantawa a biya cikin yini guda takan zama jini idan aka bar ta a hannun matasa masu zafin kai. Tsohon manomi da tsohon ardo sun san inda burtali ya bi kafin a nome shi, sun san mashayar da aka saba. Tsohon ma'aikacin safiyo ya san iyakokin filaye, tsohon alƙali ko magatakardan kotu ya san rabon gado, kuma zai iya zaunar da magada kafin su ƙarar da abin da aka bari wajen zirga-zirgar shari'a. Abin da ake buƙata shi ne mai unguwa ko dagaci ya sa musu rana sananniya a mako da wuri sananne, a kuma rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Dole in faɗi wata magana a nan ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Akwai abubuwan da ba na zauren sulhu ba ne. Fyaɗe, da kisa, da dukan da ya raunata mace ko yaro, na hukuma ne, kuma dattijon da ya ce a rufa asiri don kada sunan gida ya ɓaci ya yi amfani da furfurarsa wajen danne mai rauni. Haka nan zauren da babu mace a cikinsa ba zai ji rabin gaskiyar rikicin aure ba, domin akwai abin da yarinya ba za ta iya furtawa a gaban maza ba.

Kada kuma a ɗauka maganar ta 'yan fansho ce kaɗai. Bayan hatsarin jirgin ruwa da ya ci rayuka masu yawa kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, an yi ta maganar lodin da ya wuce kima. Tsohon masunci da ya daina shiga ruwa ya san nauyin da kowane jirgi zai ɗauka, ya san alamar iska, ya san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa. Idan Sarkin Ruwa ya ba irinsu izinin zama a mashiga ranar kasuwa, da ikon cewa "wannan ya cika, a jira na baya," an yi amfani da ilimin da ba a koyarwa a aji. Haka a arewacin jihar, wajen ƙananan hukumomin Arewa da Dandi, inda hamada ke matsowa, ga shi Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada. Dashen itace ba ya wuya, rainonsa ne aiki, kuma raino yana son mai haƙuri da ke zaune a gari rani da damina. Manoman Maradi a Jamhuriyar Nijar sun farfaɗo da gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana rage masa rassa maimakon a tumɓuke shi, kuma tsofaffin manomanmu sun san kowane toho da ganyensa. Har tarihin garuruwa ma yana bakin waɗannan mutane, kuma jika mai waya zai iya naɗar muryar kakansa yana ba da labarin kafuwar unguwa da yunwar da aka yi da yadda aka fita.

Ban manta da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya ba. Akwai dattawa da yawa da har yau suke duƙe a gona ko suke zaune a kasuwa saboda idan ba su fita ba ba za a ɗora tukunya ba, akwai kuma waɗanda suka yi ritaya suka shekara suna jiran giratuti. Ba daidai ba ne a je wa irin waɗannan da wa'azin sa kai, balle a sa su jin kunya. Wanda ya yarda ya yi ma, bai kamata hidimar ta ci aljihunsa ba. Kuɗin kabu-kabu zuwa taro, da alli da littafin rubutu, da katin waya, jama'ar unguwa ne ya kamata su ɗauka daga asusun masallaci ko na ƙungiyar ci gaban gari. Kuma kada wata hukuma ta ga dattawa suna koyarwa kyauta ta mayar da hakan hujjar ƙin ɗaukar malamai, domin matasanmu masu takardar NCE suna zaune babu aiki, kuma aikin dattijo cike giɓi ne. Akwai haɗarin siyasa ma, inda ɗan takara zai so ya mayar da kwamitin dattawa 'yan rakiyarsa, kuma ranar da aka ga zauren sulhu ya karkata ga wata jam'iyya, rabin gari sun daina zuwa. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare, kamar wasu sassan masarautar Zuru da iyakar Zamfara, bai halatta a tura tsoho ƙauyen da matashi ma yake tsoron zuwa ba. Hidimarsa ta tsaya cikin gari, inda waɗanda suka baro gidajensu suke buƙatar mai tattara sunayensu da mai sa 'ya'yansu makaranta.

Babban cikas da na fi gani, duk da haka, daga wurinmu 'ya'ya yake fitowa. Muna jin tsoron a ce mun kasa riƙe mahaifinmu shi ya sa yake yawo da alli, ko a ce Hajiya tana bin gidajen mutane. Wannan tsoron bakin duniya ne, kuma mutuncin kanmu muke karewa da shi fiye da lafiyar iyayenmu. Abin da ya dace mu yi shi ne mu tambaye su abin da suke so, mu kai su a auna jininsu da sukarinsu da idonsu, mu tabbata aikin bai kai su cikin zafin rana na watan Afrilu ba, sannan mu bar su su fita. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, kuma a shekarar aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Abu ne mai kyau, amma babu ko ɗaya daga cikin ayyukan da na ambata da ke jiran takarda daga Abuja.

Yadda za a fara ba shi da wuya. Mai unguwa da liman da shugabar mata da hedimasta da mai kula da ƙaramin asibiti su zauna su rubuta sunayen dattawan unguwa, maza da mata, da abin da kowane ya iya, a gefe guda kuma su rubuta ayyukan da ke neman mai yi. Kada a yi shela a masallaci a ce duk mai sha'awa ya zo, domin babba ba ya miƙa kansa, yana ganin hakan zubar da girma ne. A tashi mutum biyu ko uku a same shi a gida, a durƙusa a gaishe shi, a faɗi buƙatar dalla dalla: "Baba, yaran aji uku ba sa iya karatu, mun zo roƙon ka ba su awa ɗaya ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar, zuwa ƙarshen wannan zango." Ga mace kuma mata su je su ce, "Inna, gidaje goma na layinku muke so ki riƙa leƙawa kwana biyu a wata har damina ta wuce." Aikin ya kasance da farko da ƙarshe, don ya san zai iya ajiyewa ba tare da jin nauyi ba, a kuma haɗa shi da matashi guda da zai ɗauki jaka, ya riƙe rajista, ya yi abin da ya shafi waya. Idan zango ya ƙare a koma a gaya masa abin da aka samu, yara nawa suka fara karatu, gidaje nawa suka kammala magani. Wanda ya ce ba zai iya ba a yi masa godiya a tashi, ba tare da naci ba, a sake komawa bayan 'yan watanni, domin wasu sai sun ga sa'o'insu sun fara kafin su amince.